Ƙafar Yaya Lawali

Shekara tara na yi ina aiki a sashen radiyo na wani gidan likita a Damagaram, ina ɗaukar hoton ƙashin da ya karye da huhun da ya kamu, kafin a ba ni bursu, wato tallafin karatu, ta shekara guda in je Faransa in koyi aiki da wata sabuwar sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka. Sunana Haruna, mutumin Gidimuni. Mai ɗaukar hoto ne ni, ban yi karatun likita ba, amma a ƙauyenmu duk wanda ya sa farar riga sunansa likita. Yayana Lawali ma haka yake kirana. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, da lambunsa na bakin tafki ya yi mini lakwal, wato karatun boko, da rake da albasa da dabino. Ya daɗe yana fama da ciwon sukari. Lokacin da na bar gida akwai wani ɗan miki a ƙarƙashin babban yatsansa na ƙafar hagu, ƙaya ce ta soke shi. Na duba, na ce a riƙa wankewa, a daina yawo ba takalmi. Iyakar abin da na ce ke nan.

Zangona na farko Paris, kwana huɗu. Tun ina gida aka haɗa ni ta waya da wani da ya ce shi ɗan ƙasarmu ne. Hausarsa tsaf, har yana tambayata ruwan bana. Ya ce ya kama mini ɗaki a garin da zan yi aiki, in aiko kuɗin kamu, in na sauka in zo in karɓi makulli. Na aika. Da na sauka na kira, waya a kashe. Na bi adireshin da ya ba ni, ina jan akwati a bisa duwatsun titi, sai na tarar da shagon wankin tufafi. Na shiga, na fito, na sake karanta lambar gidan, na koma ciki. Wani dattijo mutumin Mali da ke jiran kayansa su bushe ya dube ni ya dubi akwatin.

"Makulli ka zo karɓa?" ya tambaye ni da Faransanci.

Na ce i.

"Kai ne na uku da na gani a shagon nan. Zauna, ɗana, kayana su bushe mu tafi."

Sunansa Sisoko, sharar tashar jirgin ƙasa yake yi. Ya kai ni gidan da ma'aikata baƙi ke zama, ya shimfiɗa mini katifa tsakanin gadonsa da bango, ya zubo mini shinkafa da miyar gujiya. Kwana huɗu bai tambaye ni komai ba sai sunan mahaifiyata, don ya sa ta a addu'a. Ranar da zan wuce ya raka ni har bakin jirgi, ya nuna mini inda ake buga tike. Ban sake ganinsa ba. A wannan ɗakin na kira Yaya Lawali na ce masa na sauka lafiya, an tarbe ni, ɗakina har da firji. Ya yi dariya ya ce, "Likita, ka ji daɗinka. Ka riƙe salla dai."

Zango na biyu wani gari ne a gabashin ƙasar, ba zan faɗi sunansa ba. Can na yi mafi yawan zamana. Shugaban sashen wani Farfesa ne dogo mai saurin tafiya, wanda ke magana da mutum yana kallon wani wuri. Ya miƙa ni hannun Madam Odil, mai ɗaukar hoto irina, wadda saura shekara biyu ta ajiye aiki. Ita ta samo mini ɗaki a saman wani gidan burodi. Da sanyi ya shigo ta ga ina zuwa da rigar da na saya a kasuwar Damagaram, sai ta kawo mini manton mijinta da ya rasu, wata babbar rigar sanyi, ta ce yana cin wuri a gidanta. Ranar Juma'a takan ce wa kowa ta aike ni wani sashe, don in samu in je masallaci.

Aikin da aka kira ni in taya shi ne na jijiyoyin jini na ƙasan gwiwa. Uku ne, suna gangarowa daga gwiwa zuwa tafin ƙafa, kaurinsu bai fi na tsinken ashana ba in an yi ƙasa. A jikin mai ciwon sukari, alli yakan kama bangonsu ya yi tauri, kamar yadda kanwa ke kama bakin tafki in ruwa ya janye. Matsalar tsohuwar sikana, irin wadda na sani a gida, ita ce allin nan yana fitowa a hoto fari fat, ya kumbura ya fi girmansa na gaskiya, ya rufe ƴar hanyar da jini ke bi. Sai likita ya ga jijiya a toshe, alhali wataƙila da sauran hanya. Sabuwar na'urar tana ƙirga ƙwayoyin hasken da suka ratsa jiki ɗaya bayan ɗaya, kowace da ƙarfinta, don haka tana iya yanka hoton siriri ƙwarai, ƙasa da rabin milimita.

Amma na'urar ba ta ba ka hoto kai tsaye. Lissafi take tarawa, kai za ka gaya wa ordinater, wato kwamfuta, yadda za ta gina hoton. In ka zaɓi filtir, wato matacin hoto, mai laushi, hoto ya yi sumul amma allin ya kumbura. In ka zaɓi mai kaifi, bakin jijiya ya fito sarai amma hoton ya cika da yashi-yashi. In ka sa ordinater ta share yashin da ƙarfi, sai ta haɗa da ƙananan jijiyoyin ta share. Abin da Farfesa ke nema shi ne tsakiyar nan: wane kaifi, wane kaurin yanka, wane ƙarfin shara. Ni ke gina ƙafa guda ta hanyoyi da yawa, in cire suna, in cakuɗa, in ba likitoci su duba ba su san wanne ne wanne ba, sannan in zauna in auna faɗin jijiya wuri-wuri da hannu. Aiki ne na haƙuri, irin wanda ɗalibansu ba sa so. Ni kuwa na so shi. Ban taɓa ganin cikin ƙafar mutum haka ba.

Zaman garin dai da wuya. Mutum zai ce maka "lafiya?" ya wuce kafin ka buɗe baki. Na yi sati uku ban ci abinci da kowa a kwano ɗaya ba. Wata tsohuwa ta janye ƙafarta da na zo gyara mata kwanciya, ta ce a kira mata wani. Ranar Lahadi in gari ya yi tsit nakan zauna bakin taga ina jin ƙanshin burodi, raina na son fura mai tsami da tuwon hatsi miyar kuka, ina ƙoƙarin tuna hayaniyar tashar Gidimuni ranar kasuwa. Yaya Lawali kan turo mini saƙon murya, rabinsa kukan awaki. Nakan tambayi ƙafa, ya ce da sauƙi.

A wata na biyar aka kawo wani tsoho, Mushe Bernar, wato Malam Bernar a bakinsu, tsohon direban bas. An yi masa hoto a wani gari da tsohuwar na'ura, an ce jijiyoyinsa uku duk sun toshe, sai yanka. Muka ɗauke shi da sabuwa. Da na gina hoton da filtir mai kaifi, sai ga wani siririn zare na jini yana ratsa tsakiyar allin a jijiyar baya, tun daga gwiwa har idon sawu. Na kira Madam Odil, ta kira likita. Suka zura waya ta wannan zaren, suka buɗa jijiyar. Bayan ƴan makonni ya dawo a duba shi, yana tafiya da ƙafarsa, da sanda. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Na fita bayan gini na yi hamdala. Tun daga ranar na daina yarda da duk hoton tsohuwar na'ura da ya ce jijiya ta toshe.

Zango na uku Jamus, sati shida, a wani sashen bincike da ke aiki tare da namu. Ban iya harshensu ba, sai ɗan Turancin da ba ya kai ni ko'ina. Su ba da marasa lafiya kaɗai suke gwaji ba. Akwai mutanen da ke ba da gawarsu ga ilimi kafin su mutu, to da ƙafafunsu ake aiki. Ranar Asabar da safe, sa'ad da babu marasa lafiya, akan turo ƙafa a naɗe, a haɗa jijiyarta da famfo mai tura ruwan iyod, wanda ke sa jijiya ta fito a hoto, kamar zuciya na bugawa, mu ɗauki hoto sau da yawa. Ranar farko da aka buɗe ledar na ga farce, an yanke shi tsaf. Wani ya zauna ya yanke farcen nan yana raye. Na yi bisimilla a raina, na ce Allah ka yafe mini, na kama diddigen na gyara shi. Ranar ban iya cin abinci ba.

A sati na uku, ina cikin wannan ɗakin da hantsi, Hadiza matar Yaya Lawali ta turo mini hoto. Yatsu biyu na ƙafar Yaya sun yi baƙi ƙirin, baƙin ya fara hawa bayan ƙafa. Na fita na kira ta.

"Tun yaushe?"

"Ya kai wata," ta ce. "Shi ya hana a gaya maka, wai kana karatu. Yanzu muna Damagaram. Dokta Kyari ya gan shi, an yi hoto a kilinik. Ya ce gobe za a yanke daga ƙasan gwiwa."

Dokta Kyari likitan fiɗa ne a inda nake aiki, Babarbare, ɗan unguwar Birni, ya kusa haifata. Ya yanke ƙafafun masu sukari da ba su ƙirguwa. Na sa wani abokin aikina ya je kilinik ɗin ya buɗe hoton, ya ɗauko mini fuskar ordinater da wayarsa yana gangarawa daga gwiwa zuwa ƙasa. Bidiyon na rawa, hasken taga na faɗowa a gilashin. Na kalle shi ya fi sau goma. Jijiyoyin uku fari fat, kamar an zuba musu farar ƙasa. Irin na Mushe Bernar sak.

Na kira Farfesa, na tura masa. Ya ce yana tsakanin taro biyu. Ya ce, "I, da alli haka hoton nan na iya ƙara gishiri. Da a na'urarmu ne da mun san gaskiya. Na san wata ƙungiya da ke kawo marasa lafiya daga Afirka, haɗa mini dosiye, takardunsa duka, in gani." Bai kai minti biyu ba ya ajiye. Ni kuwa na ji kamar an riga an sa Yaya a jirgi.

Na kira Dokta Kyari. Na gaishe shi a gaggauce, na shiga yi masa bayanin alli da filtir da kumburin haske. Ya bar ni na gama.

"Haruna, na ji karatunka, kuma na san abin da kake faɗa gaskiya ne. Amma ƙafar nan tana gabana. In na yanke gobe, gwiwarsa ta tsira. Mutum mai gwiwa yana sa ƙafar roba ya koma gonarsa. In aka jira, ban san inda zan yanke ba."

"Dokta, a nan ina ganin ana ceton ƙafafun da suka fi wannan lalacewa."

"A nan ɗin. Shi kuwa yana nan Damagaram."

"Sati biyu kawai nake roƙo."

Ya ce, "Yayanka ne. Ba na yanka mutum da ƙarfi. Amma ka ji na gaya maka."

Na kira Yaya Lawali. Muryarsa ta yi ƙasa amma yana cikin hankalinsa. Na ce, "Yaya, kada ka yarda. Hoton da suka yi maka na tsohuwar na'ura ne, tana nuna toshewa inda babu. Zan kawo ka nan, shugabana ya yi magana."

"Likita, ka tabbata?"

"Na tabbata, Yaya."

"To shi ke nan. Kai ka san abin. Hadiza, tattara kayan."

Suka koma Gidimuni. Ma'aikacin gidan likita na ƙauye na zuwa yana yin pansama, yana wanke mikin yana naɗewa, ana ba shi ƙwayoyi.

Daga nan na shiga tseren takardu. Yaya ba shi da fasfo, ba shi da takardar haihuwa ma, sai an je an yi shaida a gaban alƙali. Na koma Faransa na kai dosiye biron Farfesa, wato ofishinsa, da hannuna. Sakatariyarsa ta karɓa ta ce za a duba. Kullum in na tare shi a hanya sai ya ce, "Ina sane, ina sane. Ina ma'aunin rukuni na ƙarshe?" Akwai babban taron likitocin hoto da ke tafe, yana so a gama lissafi kafin a rufe karɓar aiki, kuma awon duk a hannuna yake. Na ce a raina, in na gama masa nasa zai ji nauyin yi mini nawa. Na riƙa zuwa tun kafin masu shara, ina auna jijiyoyin mutanen da ban sani ba.

Sati biyun da na roƙa suka wuce. Hadiza ta turo wani hoton. Na nuna wa Madam Odil a ɗakin shan kafe, ina so ta ce mini da sauran lokaci. Ta sa tabarau, ta buɗa hoton da yatsu, ta daɗe tana kallo.

"Haruna, shekara talatin da wani abu ina ganin ƙafafu. Wannan ba ta jiran biza. Ka kira likitanku yau, kuma ka tafi gida."

"Ke ma kin ga Mushe Bernar."

"Mushe Bernar ƙafarsa ba ta kumbura ba, ba ta ruwa. Dubi jan nan da ya hau ƙwauri."

Na ce mata ita ba likita ba ce. Na faɗi haka ga matar da ta ba ni rigar mijinta. Ta cire tabaranta ta ce, "Kai ma haka," ta ɗauki kofinta ta fita. Ina da kuɗin jirgi a lokacin, babu wanda ya riƙe mini fasfo. Abin da ya riƙe ni shi ne in kira Dokta Kyari in ce na yi kuskure, in kira Yaya in ce abin da na tabbatar masa ban tabbata ba. Na ƙara wa kaina kwana biyar.

A kwana na huɗu na shiga biron sakatariya na ce ba zan fita ba sai na ji inda aka kwana. Ta buga waya a gabana. Ƙungiyar yara take kawowa, masu ciwon zuciya, ba ta taɓa ɗaukar babba ba. Dosiyen yana nan cikin tire inda ta ajiye shi ranar da na kawo. Na sami Farfesa, na gaya masa. Ya tsaya, wannan karon ya dube ni sosai. Ya ce, "Na ce zan gani, ban yi maka alkawari ba. Kuma ban taɓa cewa a dakatar da aikin da likitansa ya yanke shawara ba. Kai ka ce a dakatar?" Ya ga amsar a fuskata. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Na yarda ya yi. Kuma abin da ya faɗa haka ne, bai ce ba.

Ban kai ga kiran gida ba, gida ya kira ni. Zazzaɓi ya rufe Yaya, yana ta sambatu, an ɗauko shi a motar kasuwa zuwa Damagaram. Washegari da azahar Dokta Kyari ya kira ni da kansa.

"Mun fito daga aiki. Yana raye. Na yanke a cinya, sama sosai. Ruɓar ta wuce gwiwa."

Na ce, "Dokta..."

"Ka yi masa addu'a," ya ce, ya ajiye.

Saura wata biyu bursuta ta ƙare, na bar ta. Na miƙa awon da na gama, na kai wa Madam Odil manton a naɗe. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in bari. Ta raka ni tasha, ta saya mini burodi da cuku na hanya, ta ce in gaida yayana in ce wata tsohuwa na yi masa fatan sauƙi. Daga baya an turo mini takardar binciken da suka buga. Sun sami filtir ɗin da ya fi, mai kaifi amma ba can ƙarshe ba, da siririn yanka. Sunana na can ƙasa wurin godiya, an rubuta shi ba daidai ba. Da a da ne da abin ya ci mini rai.

Da na iso Damagaram an riga an sallami Yaya. Na fara zuwa wurin Dokta Kyari. Na same shi yana wanke hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce in tashi. Na tambaye shi abin da ke cina tun a jirgi: ko da a ce an sa Yaya a sabuwar na'urar, za a ga hanya a jijiyar?

"Wataƙila," ya ce. "Wa ya sani? Ni ba hoton ne ya sa na ce a yanke ba. Na taɓa ƙafar, sanyi ƙalau har idon sawu. Na danna, ruwa ya fito. Na shinshina. Ko jijiyar a buɗe take kamar hanyar Mirya, naman ya riga ya mutu, kuma ciwon na hawa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to kai me ka gani? Hoton hoto, a waya." Ya goge hannunsa. "Ni ma da laifina. Da na kira ka sau biyu, sau uku. Na ji haushin yadda ka yi mini magana, na ce bari ya gani. Ba kai ka gani ba, Lawali ya gani."

Na hau motar Gidimuni. Hadiza na tarar a ƙofar gida tana tankaɗe. Da can ni da ita wasa muke, ba ta ganina ba ta tsokane ni ba. Ta amsa gaisuwata kamar ta baƙo, ta kawo mini ruwa. Kafin in shiga wurin Yaya ta ce in dakata.

"Akwai abin da nake so ka sani, don shi ba zai gaya maka ba. Ranar da ka kira, ya riga ya dangwala yatsa a takardar yarda da aikin. An aske masa ƙafar, an hana shi abinci. Da bakinsa ya ce mini, Hadiza, gara a cire ta in huta, Kyari ya ce zan yi tafiya. Hankalinsa a kwance. Sai wayarka ta shigo." Ta koma kan rariyarta. "Ban ce ka yi da mugunta ba. Shiga, yana jiranka tun safe."

Yana zaune a tabarma a inuwar zaure na ciki, ya jingina da bango, an rufa masa zane daga ƙugu. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Dungun ya yi gajarta ƙwarai, an ce da wuya ƙafar roba ta zauna a kai, ga shekaru, ga sukari. Lambun an ba wani maƙwabci yana nomawa ana rabawa. Ya ga ni, fuskarsa ta washe.

"Likita! Ka yi fari. Ba sa ba ka abinci ne?"

Na zauna kusa da shi. Na yi niyyar in jira kwana biyu, amma ban iya ba. Na ce, "Yaya, ni na jawo maka wannan. Da ban kira ba da kana da gwiwarka. Na ce maka na tabbata, alhali ban tabbata ba. Ka yafe mini."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar da Hadiza take, ya rage murya.

"Kai, bar wannan magana. Kana tsammani don kai na ƙi? Ni tun farko ban yi niyyar yarda ba. Tsoron wuƙar nan nake kamar me. Da ba ka kira ba ma da guduwa zan yi kafin gari ya waye, ko in sami wani malami ya ce mini kada a yanke. Kai dai ka zo a kan gaɓa ne, na fake da kai. Abin da Allah ya rubuta, Haruna." Ya dafa gwiwata. "Aikin da ka je yi fa, an dace? Ana ganin jijiyar?"

"Ana gani, Yaya."

"To madalla. Wani ya amfana."

Ya ƙwala wa Hadiza kira ta kawo fura, ya shiga ba ni labarin wanda ya yi aure da wanda ya mutu tun tafiyata. Na zauna ina ji, ina kallon hannunsa a gwiwata.

Na koma aikina a Damagaram, gaban tsohuwar na'urarmu. Duk Juma'a bayan masallaci ina hawa mota in je Gidimuni in kwana biyu, in auna masa sukari, in duba ƙafar da ta rage yatsa-yatsa. Shekara biyu ke nan. In baƙi suka zo gaishe shi aka taɓo zancen, yakan sake ba su labarin yadda tsoro ya sa shi ya gudu daga hannun Dokta Kyari, har yana kwaikwayon yadda ya riƙa leƙen ƙofa, su yi ta dariya. Hadiza kan tashi ta shiga ɗaki. Ni nakan zauna har ya gama. Bai san ta gaya mini zancen takardar ba, kuma ban gaya masa na sani ba.